Filin Ƙarin Sani: Itacen da ke toho cikin kan yaro

Manoman Agye, Gazawa da Gidan Rumji sun san sassaben zamani. Kututture ya kan fitar da toho da yawa. Manomi ya zaɓi masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Haka garuruwa kamar Ɗan Saga suka maido da itatuwa cikin gonakinsu. Masana sun gano cewa irin wannan aiki yana gudana cikin kan kowane jariri.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan miliyan dubu 86. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Kowace ƙwaya tana fitar da rassa kamar gawo. Reshen wannan ya taɓa reshen waccan, saƙo ya wuce. Da haka yaro ke koyon gani, tafiya da magana. Mahaɗar da ake aiki da ita ta kan yi ƙarfi. Wadda ba a aiki da ita, jiki ya kan sassabe ta.

A da, da hannu ake zana rassan nan. A 1890 wani likitan ƙasar Sipaniya, Santiago Ramón y Cajal, ya ga bakin reshe yana toho cikin ɗan tsakon da bai fito daga ƙwai ba. Ya zana shi da alƙalami. Aikin yana cin lokaci ƙwarai.

Yanzu kwamfuta ke taimakawa. Ana raya ƙwayoyin cikin ɗan faranti, ana ɗaukar hotonsu lokaci lokaci. Kwamfuta ta bi kowane reshe, ta auna tsawonsa, ta ƙirga rassan. A 2024, masanan jami'ar Harvard ta Amurka da kamfanin Google sun nuna aikinsu kan wani guntun ƙwaƙwalwar mutum da bai kai ƙwayar hatsi ba. Sun yanka shi falle fiye da 5,000. Kwamfuta ta haɗa hotunan, aka samu ƙwayoyi 57,000 da mahaɗa miliyan 150.

Ina ruwan manomi da makiyayi da wannan? Ruwansu babba ne. Toho mafi yawa yana faruwa ne tun daga ciki har yaro ya cika shekara 2, wato kwana 1,000 na farko. Kuma toho sai da abinci. A 1999, likitoci a ƙasar Meksiko sun duba ƙwaƙwalwar jariran da suka rasu da tamowa mai tsanani. Sun tarar rassansu sun fi na sauran jarirai gajarta.

Jihar Maraɗi ta san tamowa. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, da yawansu a jihar nan. Ramar jiki kowa na ganinta. Ta ƙwaƙwalwa ba a ganinta, sai yaro ya shiga lakwal karatu ya yi masa wuya.

Ga abin da gida zai iya yi. Mai ciki ta ci ta ƙoshi, ta riƙa zuwa awo. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Daga nan a ƙara masa kunu mai kauri da gujiya, wake, ƙwai, zogala ko nonon shanu. A yi miya da gishiri mai sinadarin ayodin. A riƙa yi masa magana da wasa, don mahaɗan su yi ƙarfi. In ya fara ramewa, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba.

Da damina rumbu ya kan yi ƙasa. Mai gida ya ware rabon mai ciki da na ƙaramin yaro tun daga kaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.