Martani: 'Yancin Wa Aka Ƙwato a Teksas?

Wani marubuci ya ce tawayen Teksas na 1835 zuwa 1836 gwagwarmaya ce ta manoman bakin iyaka da suka ƙi mulkin kama-karya na Santa Anna, shugaban Meziko. Gaskiya ne Santa Anna ya rusa tsarin mulkin tarayya na 1824, har jihar Zakatekas ma ta yi masa bore. Amma wannan rabin labarin ne.

Meziko ta haramta bauta a 1829, alhali baƙin da suka kwararo Teksas daga Amurka da bayi suke noman auduga. In 'yanci suke nema, me ya sa tsarin mulkin da suka rubuta a 1836 ya halasta bauta, ya kuma hana baƙar fata 'yantattu zama a Teksas sai da izinin majalisa? Za a ce ai 'yan asalin yankin irin su Juan Seguín sun yi yaƙi tare da su. Haka ne, amma a 1842 barazanar baƙin nan ta kore shi zuwa Meziko. A 1845 Teksas ta shiga Amurka a matsayin jihar bayi, kuma ba a sanar da bayinta 'yancinsu ba sai Yunin 1865.