Wa Ke Magana a Ɗakin Likita?



A ɗakin ganin likitan ƙwaƙwalwa, sau da yawa ba mara lafiya ce ke bayani ba. Miji ne ke amsa tambaya, ko uwar miji, ita kuwa ta sunkuyar da kai. In an matsa mata ta ce, "Likita, kaina ke ciwo, gabana na faɗuwa." Sai a rubuta mata maganin barci a sallame ta. Ba wanda ya tambayi yadda zaman gidan yake, ko ana dukanta, ko tun da ta haihu take kuka ba dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa ya fi kama mata, kuma fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego na fama da shi. Mu kuwa mun iya kula da jikin mai jego, ga wankan ruwan zafi, ga kunun kanwa, amma in ta daina fara'a sai a ce iska ce.

Namiji fa? Tun yana yaro aka ce masa namiji ba ya kuka. Shi ya sa tasa damuwar kan fito da fushi, ko shaye-shaye, ko shiru. A duniya, maza da ke kashe kansu sun ninka mata. Ma'aikacin da ya ji "ba komai" daga bakin magidanci ya rufe fayil, bai gama aikinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shaye-shaye. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa cikin masu ta'ammali da ƙwayoyi, ɗaya cikin 4 mace ce, amma cikin masu karɓar magani, ɗaya ce kacal cikin 20. Sauran suna ɗaka, an ɓoye su don kada su rasa mijin aure.

A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Madalla. Yanzu muna roƙon asibitocinmu na Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri: a ƙara mata ma'aikata, a ware wa mata wurin jinyar shaye-shaye, kuma a horar da ma'aikaci ya iya cewa da ladabi, "Alhaji, ɗan ba mu wuri, zan yi magana da ita ita kaɗai."