Maganin Ƙwarin Rumbu da Alhakin da ke Kan Manazarta Hausa

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan gubar dichlorvos, wato sinadarin fiya-fiya, da aka samu a cikinsa. Waken da Turai ta ƙi shi ake aunawa a kasuwanninmu, a yi ƙosai da alala da shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin waiwayar tsirran da magabata suka tsare rumbunansu da su.

Macen ƙwaron wake tana ajiye ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ciki, cikin kimanin wata guda ta fito ta ci gaba da yaɗuwa. Manomin Hausa ya daɗe yana tarbar wannan ɓarna da toka da garin barkono da ganyen darbejiya, kuma kimiyya ta gaskata shi. A 1959 masani Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye itatuwa ta bar darbejiya, a 1968 kuma aka ware sinadarin azadirachtin daga 'ya'yanta. Sinadarin yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma dagula masa saɓa. Man darbejiya kuwa yakan lulluɓe ƙwai ya toshe masa iska.

Sai dai maganin tsirrai yana da iyaka. Ƙarfinsa yana raguwa da daɗewa, hasken rana yana lalata azadirachtin, ɗacin mai kuma yakan kama wake idan aka zarce kima. Ɗan kasuwar Dawanau mai ɗaruruwan buhuna zai fi samun sauƙi da buhu mai hawa uku da Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska. Tsirrai sun fi dacewa da ajiyar gida da irin shuka, inda araha da aminci suka fi komai muhimmanci.

Babban giɓin yana wajen harshe. Mafi yawan binciken da ake yi kan wannan fanni ana wallafa shi da Turanci, da sunayen Latin da awon giram, alhali matar da ke ajiyar wake mudu da tiya da cokali ta sani. Bishiya ɗaya ana kiranta darbejiya a wani gari, dogon yaro ko bedi ko maina a wani, don haka shawarar da ta amfani Bakano tana iya rikita Basakkwace ko Badamagare. Littafin sunayen tsirrai na Dalziel ya fito tun 1916, ƙamusun Bargery a 1934, kuma tsofaffin da suka san yadda ake jiƙa masoro ko kimba ko ɓawon maɗaci suna ƙarewa.

Ya kamata sassan Hausa su haɗa hannu da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ƙasa. Ɗaliban Hausa su tattaro sunaye da hanyoyin sarrafawa daga bakin masu abin, karin harshe bayan karin harshe. Masana kimiyya su gwada, su tantance adadin da ba ya cutarwa. Daga nan a mayar da sakamakon cikin Hausa da ma'aunin kasuwa, a watsa ta rediyo gabanin kaka, lokacin da manomi ke yanke shawarar abin da zai zuba a buhunsa.