Ci-rani a juye: Dalilin da Amurkawa ke ƙaura zuwa ƙasashe masu arahar rayuwa

Ranar 4 ga Yulin 2025, ranar da Amurkawa ke bikin samun 'yancin ƙasarsu, ɗaruruwan mutane, galibinsu matasa, suka fito zanga-zanga a unguwannin Condesa da Roma na babban birnin Meksiko. Kokensu shi ne kuɗin haya ya fi ƙarfinsu a unguwannin da suka tashi a ciki, kuma suna ɗora alhakin hakan a kan baƙin da suka cika gidajen, musamman Amurkawa masu karɓar albashi da dala. An fara cikin lumana, daga bisani wasu suka farfasa gilasan shaguna da gidajen abinci. Shugabar ƙasar, Claudia Sheinbaum, ta yi tir da ƙyamar baƙi, sai dai ba ta musanta cewa kukan tsadar hayar yana da tushe ba.

A wannan rana dai, a birnin Washington, Shugaba Donald Trump ya rattaba hannu a kan wata babbar dokar haraji wadda ta ƙunshi cire kashi 1 cikin 100 daga tsabar kuɗin da ake aikawa waje, daga farkon 2026. 'Yan ci-ranin Meksiko, waɗanda suka aika wa iyalansu sama da dala biliyan 64 a 2024, suna sahun gaba cikin waɗanda dokar ta shafa. Ke nan iyaka guda ce ake ƙetarawa ta fuska biyu: talakan Meksiko ya nufi arewa neman dala, Ba'amurke mai dala ya nufi kudu neman inda za ta yi masa auki.

Abin da aka saba da shi a ci-rani shi ne mutum ya bar gida ya tafi inda kuɗi suke, ya tara abin da ya samu ya koma da shi. Wannan sabon salo ya juya tsarin. Mai tafiyar yana barin tushen samunsa a Amurka, ko fansho ko albashin kamfani, sannan ya ɗauki cikinsa da buƙatunsa ya kai su ƙasar da kuɗinta ba su kai dala ƙarfi ba.

Me ke korar su daga gida?

Gwamnatin Amurka ba ta ƙidaya 'yan ƙasarta da ke zaune a waje, shi ya sa ƙiyasin ya kama daga kimanin miliyan 4 har zuwa miliyan 9. A Meksiko kaɗai, Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ce akwai kimanin miliyan 1.6. Cibiyar Gallup mai jin ra'ayin jama'a ta gano a 2025 cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane Amurkawa biyar zai so ya koma wata ƙasa dindindin da zai samu dama. So daban, tafiya daban, amma adadin ya nuna inda zukata suka karkata.

Babban dalili shi ne tsadar rayuwa. Hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yunin 2022, abin da ba a ga irinsa ba cikin shekara 40. Matsakaicin farashin gida ya haura dala 400,000, kuɗin ruwan bashin sayen gida kuma ya tashi daga ƙasa da kashi 3 a 2021 zuwa kusan kashi 8 a ƙarshen 2023. Sai kuma kiwon lafiya, wanda ya lashe dala tiriliyan 4.9 a 2023, wato sama da dala 14,000 a kan kowane mutum. A ƙasar da kwana biyu a gadon asibiti ke iya jefa iyali cikin bashin shekaru, ba abin mamaki ba ne tsoho ya fara duba taswira.

Masu tafiyar sun kasu gida uku. Na farko 'yan fansho ne, waɗanda tun shekaru da dama suke taruwa a garuruwa irin su Ajijic da ke bakin tafkin Chapala da San Miguel de Allende a Meksiko, da Cuenca a Ekwado. Na biyu ma'aikata ne da annobar korona ta 2020 ta koya wa kamfanoninsu cewa ana iya yin aikin ofis daga ko'ina muddin akwai kwamfuta da intanet. Na uku kuwa su ne waɗanda rarrabuwar kawunan siyasa, ko yawan harbe-harben bindiga, ko wariyar launin fata suka sa zama a gida ya gundure su.

Inda arahar take

Lissafin ba shi da wuya. Matsakaicin fanshon gwamnati da tsohon ma'aikaci ke karɓa a Amurka a 2025 ya kusa dala 2,000 a wata. A New York ko San Francisco wannan ba zai biya hayar ɗaki da falo ba. A Meksiko kuwa, inda mafi ƙarancin albashi a 2025 yake peso 278.80 a rana, wato ƙasa da dala 500 a wata, kuɗin ya ninka albashin lebura sau huɗu. Mutumin da yake ƙirga kwabo a Chicago sai ya wayi gari yana da mai aikin gida, yana ganin likita mai zaman kansa ya biya nan take.

Don a fahimci girman tazarar, a canjin naira 1,500 kan dala guda, wannan fansho ya kai naira miliyan 3 a wata, fiye da ninki 40 na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da Najeriya ta amince da shi a 2024. Duk wanda ya ga yadda darajar naira ta zube bayan an sake ta a watan Yunin 2023 ya san cewa abin da ya zama masifa ga mai albashin naira ya zama garaɓasa ga mai riƙe da dala. Abin lura shi ne, arahar da ake tallata wa Amurkawa tana cikin aljihunsu ne. Ɗan ƙasa da ke karɓar peso bai taɓa ganin garinsu a matsayin wuri mai araha ba.

Gwamnatoci da dama sun buɗe ƙofa da gangan. Panama da Kosta Rika suna ba ɗan fansho izinin zama idan ya nuna yana samun aƙalla dala 1,000 a wata. Fotugal ta fito da biza ta musamman ga masu aiki ta intanet a watan Oktoban 2022, da sharaɗin samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. Tailan ta fito da tata mai wa'adin shekara biyar a 2024. Meksiko ma ba ta buƙatar biza daga Ba'amurke, yana iya zama har kwana 180 a matsayin mai yawon buɗe ido. Hujjar gwamnatocin ita ce baƙon zai kashe kuɗin waje a kasuwanninsu ba tare da ya ƙwace aikin kowa ba.

Wa ke biyan kuɗin?

Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Masu gidajen abinci da direbobi da masu gyaran gida suna samun ciniki. Matsalar tana ɓullowa ne a kan abin da ba a iya ƙara yawansa dare ɗaya, wato gida. Mai gida da ya ga baƙo zai biya ninki biyu ba tare da ciniki ba, ba zai sabunta yarjejeniyar malamin makaranta ba. Wani ma sai ya fitar da 'yan hayar gaba ɗaya, ya mayar da gidan masaukin kwana-kwana a dandalin Airbnb. Daga nan mai kayan miya ya ba wa shagon kofi wuri, farashin aski da wanki ya bi sahu. An ce baƙo raɓa ɗan gari kaba, amma a irin waɗannan unguwanni ɗan garin ne ke naɗe tabarmarsa ya koma bayan gari, ya riƙa cin sa'o'i a mota kafin ya isa wurin aiki.

Adalci dai shi ne a faɗa cewa baƙi ba su kaɗai ne suka haddasa ƙarancin gidaje ba. Birnin Meksiko da Lisbon duk sun daɗe ba sa gina gidaje masu sauƙin kuɗi daidai da buƙata, kuma hukumomi ne suka yi gayyar. A watan Oktoban 2022, Sheinbaum da kanta, lokacin tana magajiyar birnin, ta ƙulla yarjejeniya da Airbnb da hukumar UNESCO domin jawo masu aiki ta intanet. Shekara biyu bayan nan majalisar birnin ta taƙaita hayar kwana-kwana zuwa rabin shekara, sannan bayan zanga-zangar 2025 magajiyar gari Clara Brugada ta sanar da matakai 14, ciki har da hana ƙarin haya ya wuce hauhawar farashi.

Fotugal ma ta ja da baya. A 2023 ta cire sayen gida daga hanyoyin samun izinin zama na masu zuba jari, sannan daga 2024 ta rufe wa sababbin shiga rangwamen harajin da take ba baƙi tun 2009. Sifaniya ta soke nata izinin na masu zuba jari baki ɗaya a watan Afrilun 2025. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Yuro 870 a 2025, kamar Fotugal, baƙon da doka ta ce a shekarar sai yana samun Yuro 3,480 kafin a ba shi biza ya riga ya fi yawancin 'yan ƙasa ƙarfi a kasuwar haya tun kafin jirginsa ya sauka.

A nahiyar Afirka, Ghana ce ta fi jan Amurkawa baƙar fata, kuma dalilinsu ya haɗa da tarihi. A Accra masanin nan W.E.B. Du Bois ya rasu a 1963. A 2019, shekara 400 bayan saukar bayin farko daga Afirka a Virginia, gwamnatin Nana Akufo-Addo ta ayyana shekarar komawa gida, ta ba mutum 126 shaidar zama 'yan ƙasa, sannan ta ba wasu 524 a watan Nuwamban 2024. Duk da kyakkyawar tarba, lissafin haya bai canja ba. A unguwannin East Legon da Cantonments ana yanka wa gidaje farashi da dala, duk da cewa Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗin cewa doka ta hana, masu gidaje kuma suna neman kuɗin shekara biyu a dunƙule alhali dokar haya ta 1963 ta tsaya a wata shida.

Abin da mai ƙaura ba ya tsere masa

Shi ma Ba'amurken ba duka ya huta ba. Amurka tana karɓar haraji daga ɗan ƙasarta ko ina yake zaune a duniya, tsarin da Eritiriya ma ke da makamancinsa. Akwai rangwame ga albashin da bai wuce dala 130,000 ba a 2025, amma cike takardun haraji duk shekara wajibi ne ga mai samu, haka ma bayyana asusun bankin waje idan jimillarsa ta haura dala 10,000. Dokar FATCA ta 2010 ta tilasta wa bankunan duniya kai rahoton Amurkawan da ke hulɗa da su, abin da ya sa wasu bankuna ke gudun buɗe musu asusu.

Fansho yana bin mai shi zuwa yawancin ƙasashe, amma inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare ba ta biyan jinyar da aka yi a waje sai a 'yan lokuta ƙalilan. Tsohon da ya yi ƙaura yana ɗan shekara 65 da ƙarfinsa, idan ya kai 80 ciwo ya kama shi, zai zaɓa tsakanin biya daga aljihu da komawa ƙasar da ya sayar da gidansa a cikinta, ga farashi ya riga ya yi masa nisa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Uwa uba, duk tsarin a kan canji ya rataya. Dalar da take sayen kusan peso 25 a 2020 ta koma ƙasa da 17 a farkon 2024, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ya tafi ba tare da mai ita ya yi laifin komai ba. A rabin farko na 2025 kuma dala ta yi faɗuwar da ba ta yi irinta ba a farkon shekara tun 1973, Amurkawan Lisbon suka ga hayarsu ta ƙaru alhali mai gida bai ƙara ko sisi ba. 'Yan kasuwar da ke shigo da kaya da kuɗin waje sun san wannan zazzaɓi.

Akwai kuma batun daidaito da ke ƙara rura fushin masu masauki. Ba'amurke yana shiga Meksiko da fasfo kawai, ɗan Meksiko kuwa sai ya yi layin biza, ga samamen korar baƙi da ya tsananta a biranen Amurka a 2025. A watan Yulin shekarar ne ma Amurka ta rage yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya zuwa ta wata uku mai shiga sau ɗaya. Mai ƙaura daga ƙasa mai arziki ana kiransa baƙo na musamman, mai ƙaura daga ƙasa matalauciya ana kiransa matsala, alhali abu guda ya fitar da su duka biyun daga gida: neman inda abin hannunsu zai ishe su.

Muddin gida da asibiti suna da tsada a Amurka, kuma ana iya aiki ta intanet, tafiyar za ta ci gaba, sai dai ta sauya masauki duk lokacin da wani birni ya yi tsada ko ya tsaurara doka. Ƙasashen Afirka da ke kwaɗayin irin waɗannan baƙi da dalarsu suna da damar da Lisbon da birnin Meksiko ba su samu ba, ta ganin ƙarshen labarin tun kafin su fara. Legas ma takan ɗanɗana kaɗan daga ciki duk watan Disamba, lokacin da 'yan ƙasa mazauna waje ke dawowa hutu, kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabi. Gwamnatin da za ta yi gayya sai ta fara gina gidaje masu sauƙin kuɗi, ta yi wa hayar kwana-kwana rajista da haraji, ta kuma aiwatar da dokar haya a kan kowa. Idan ba haka ba, dalar za ta shiga asusun masu gidaje, ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa kuma su biya kuɗin tarbar baƙon.