Aku A Cikin Takardar Ƙosai

Ina da wata ɗabi'a da iyalina suka gaji da yi mini tsiya a kanta: ba na iya jefar da takarda sai na karanta abin da ke jikinta. Ko ta tsire ce ko ta gurasa, sai na warware ta na shimfiɗa a gwiwa. Da haka na sha cin karo da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane da tallar maganin da aka daina sayarwa tun ina saurayi. Abin da ya burge ni in yanke in manna a wani tsohon littafin lissafi da na gada daga shagon mahaifina. Uwargida tana kiransa kundin bola, ni kuwa ban taɓa musa mata ba.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan an sauko daga sallar asuba, na aiki yaro ya sayo ƙosai a bakin lungunmu. Da na juye shi a kwano na duba takardar, sai na ga baƙaƙen da na sani tun ina firamare. Mai ya jiƙa rabin shafin, amma sauran rabin ya isa in gane aku ne yake ba da labari. Shafi ne daga Magana Jari Ce, kuma daga launin takardar da irin bugun, ba na bana ba ne, ba na bara ba.

Ban ci ƙosan ba sai da na je wurin mai suyar. Na gaishe ta, na ce, “Iya, ina kika samo wannan takarda?” Ta dube ni kamar wanda ya zo neman rigima, ta ce, “Malam, in ba ta yi maka ba sai in sa maka a leda.” Da na kwantar mata da hankali sai ta nuna mini buhu a bayanta. Wani yaro ne ya kawo mata, ta saya a kan kilo. Na roƙi izini na zuba hannu a ciki. Na zaro Ganɗoki ba bango, na zaro rabin Shaihu Umar, sai tarin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka ɗaure da zare shekara-shekara, an rubuta shekarar da jan biro a kan kowane ɗauri. A shafin farko na ɗaya daga cikin littattafan na ga sa hannun mai su. Na san shi. Tsohon malamin makaranta ne a unguwarmu, ya rasu da azumin da ya wuce, Allah Ya jiƙansa. Sau da yawa na zauna a zaurensa muna musu a kan wane ne ya fi iya labari a cikin waɗanda suka shiga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Shi Bello Kagara yake so, ni Abubakar Imam, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya sauko.

Ba zan zagi magadansa ba, domin na san yadda abin yake faruwa. An raba gida, ɗakin da littattafan suke ya faɗa rabon wani, shi kuma aure zai yi, yana bukatar ɗakin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka tace kayan kafin a sayar. A cikin buhun nan kaf babu takarda ɗaya mai rubutun Larabci ko ajami. Na tabbata an ware waɗannan an kai masallaci ko an ba wani malami. Haka aka tarbiyyantar da mu a cikin birni: yaro ya ga takarda mai baƙin Larabci a ƙasa zai ɗauka ya soke ta a jikin katanga, ko da rasit ne na kanti, don gudun kada sunan Allah ya kasance a ciki. Tarbiyya ce mai kyau, ba ni da ja a kanta. Sai dai ita takardar boko ba ta sami mai tsaya mata haka ba. Shekara fiye da 80 ana buga Hausa da boko, an yi tafsiri da shi, an yi tarihi, an yi waƙa, amma har yau a idon da yawa daga cikinmu takardar boko abin naɗe ƙosai ce da ba ta kai ga mai ƙosai ba tukuna.

Ga kuma abin da ke cikin ɗaurin jaridun nan. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko, kuma a shafukanta ne mutanen Arewa suka koyi rubuta wa hukuma wasiƙa a bainar jama'a. Yanzu ta daina fitowa. Albishir da Alfijir na kamfanin Triumph, waɗanda muke saye a nan Kano, su ma sun taɓa daina fitowa, alhali Alfijir da ajami ake buga ta, dattawan da ba su yi boko ba suna karanta labarin duniya da ita a bakin kasuwar Kurmi. Jaridar da ta mutu ba a sake buga tsohon fitowarta. Duk kwafen da ya shiga mai ya tafi ke nan, kuma ba wanda ya san ko shi ne na ƙarshe da ya rage a garin.

Da dare na kasa barci, na ɗauko kundin bolar nan ina juyawa, sai na faɗa kan wani abu da na taɓa kwafewa game da Malam Umar Falke. Bakano ne, ɗan kasuwa kuma malamin Tijjaniyya, ya rasu a 1962. Littattafai da takardun da ya bari, fiye da 3,000, na Larabci da na ajami, suna ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern da ke kusa da Chicago a Amurka. An jera su, an ba kowanne lamba, masu bincike suna zuwa daga ƙasashe suna dubawa. Ranar da na fara karanta wannan labari haushi na ji, na ce an kwashe mana dukiya. A daren Asabar ɗin nan kuwa, da ƙamshin man ƙosai a yatsuna, sai na rasa wa zan ji wa haushi. Da takardun Falke sun zauna a wani soro a cikin birni, tsakanin gara da yoyon damina da rabon gado hawa biyu, nawa ne za su kai yau? Ban ce daidai ne ɗan Kano ya nemi bizar Amurka kafin ya ga rubutun kakansa ba. Abin kunya ne, kuma kunyar tamu ce.

Wuraren ajiya ba su gagare mu ba. Akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu take, akwai ɗakin karatu na Murtala Muhammad, akwai Jami'ar Bayero, akwai Arewa House a Kaduna. Abin da babu shi ne hanyar da za ta haɗa ɗakin mamaci da waɗannan wurare a cikin kwana arba'in ɗin da ake yanke shawarar komai. Mai sayen takarda a kan kilo yana zagayawa lungu-lungu, ya san gidan da aka yi rasuwa. Da a ce limaman unguwa da masu unguwanni, waɗanda ba a rabon gado sai da su, za su riƙa tambaya ko mamacin ya bar littattafai, kuma a sami lambar waya ɗaya da za a kira, da an tsirar da abu mai yawa ba tare da an kashe wani kuɗin kirki ba.

Ni ma ban tsira ba. Akwatuna bakwai ne a ɗakina, har da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da na saya sabo, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012 alhali a nan sai an sha wuya kafin a sami na asalin. 'Ya'yana suna karatu, ba zan yi musu ƙarya ba, amma a waya suke yi, kuma ban taɓa zaunar da ɗayansu na gaya masa abin da ke cikin akwatunan ba. In na faɗi yau, da wane dalili za su san wanda ya kamata a adana?

Washegari na koma wurin Iya da kuɗi a hannu. Ta ce ai jiya da yamma an yi ciniki, buhun ya yi ƙasa. Muka auna abin da ya rage, na biya ta ninkin abin da ta saya, ta bi ni da kallo har na sha kwana. Na sami ɗauri huɗu na jaridar da littattafai goma sha ɗaya, uku daga ciki ba farko ba ƙarshe. Na shanya su a tsakar gida, uwargida ta fito ta tsaya a kansu, ta ce, “Malam, wannan kuma a wane ɗakin za su kwana?” Na ce mata a namu. Babban ɗana kuma na ba shi sabon littafin rubutu da biro, mun fara da akwatin farko, yana ɗagowa yana karanto suna ina gaya masa inda na samo shi. Mun kai lamba 46 aka kira magariba.