Hoton da Ke Cikin Waya

A zamanin da, wanda ke son hotonsa sai ya yi wanka, ya sa rigarsa ta kirki, ya tafi wurin mai ɗaukan hoto. In an ɗauka, sai ya jira kwana biyu ko uku kafin a wanke a ba shi. Yanzu kuwa abin ya zama kamar wasa. A shekarar 2000 wani kamfani na ƙasar Japan mai suna Sharp ya fito da wayar hannu mai ɗaukan hoto, a shekarar 2001 kuma wayar salula irin ta GSM ta shigo Nijeriya. Yau ko yaro ƙarami ya iya latsa waya ya ɗauki hoton kakarsa.

Hoton waya ba kamar na takarda ba ne. Ɗigo-ɗigo ne ƙanana ƙwarai, kowane da launinsa, a hoto guda a kan sami kamar miliyan 12. Bidiyo kuwa hotuna ne a jere, waya tana nuna kamar guda 30 a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ido ke ganin abu yana motsi.

Hanyoyin tura su suna da yawa. Akwai igiyar da a kan haɗa waya da kwamfuta, akwai katin memori, akwai Bluetooth, wanda ba ya wuce kamar mita 10. Wannan suna kuwa laƙabin wani sarkin Denmark ne, Harald, wanda ya yi zamani fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Akwai kuma Xender da WhatsApp. Amfanin wannan ba ya ɓoyuwa. Ɗan makarantar da ciwo ya hana shi zuwa aji ya kan sami hoton abin da malam ya rubuta a allo. Makiyayi ya kan tura wa malamin dabbobi hoton saniyarsa marar lafiya. Uwa tana Katsina ta ga fuskar ɗanta da ke fatauci a Kumasi.

To, amma akwai abu guda wanda yara da yawa ba su lura da shi ba, har ma da manya. In Audu ya ba Bala alƙalami, alƙalamin ya bar hannun Audu ke nan, in kuma ya so ya karɓi abinsa. Hoto ba haka yake ba. Sa'ad da aka tura shi, na farko yana nan, ga kuma wani sabo ya haihu a wayar Bala. Ko Audu ya share nasa, na Bala bai san an yi ba. Hausawa kan ce magana zarar bunu ce. Lalle hoton waya ya fi magana wuyar mayarwa.

Saboda haka bai kamata kowa ya tura hoton wani ba, sai ya tambayi mai shi. Yaro ya zame ya faɗi a cikin taɓo, abokansa suka ɗauka suna dariya. A da, kafin Juma'a ta zagayo an manta. Yanzu kuwa sai ya girma, ya yi gemu, hoton yana nan yana yawo. Wanda ya fi wannan muni shi ne a ɗauki hoton mutanen da hatsarin mota ya rutsa da su, har iyayensu su fara sanin labarin a waya.

Waɗansu kan ce ai wasa ne, wanda ba ya so kada ya tsaya a ɗauke shi. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Yarinyar da ke barci ba ta tsaya wa kowa ba, haka kuma marar lafiya a gadon asibiti. Ko wanda ya yarda abokinsa ya ɗauke shi, ai bai ce gari duka su gani ba.

Masu WhatsApp kansu sun ga ɓarnar, domin a shekarar 2019 sun hana a tura saƙon da aka karɓa zuwa fiye da wuri 5 a lokaci guda. Duk da haka lissafin yana da ban tsoro. Mutum ɗaya ya tura wa 5, kowane ya tura wa 5, sun zama 25. Daga nan 125, sa'an nan 625, a karo na biyar 3,125. Amma in ɗaya daga cikin biyar ɗin farko ya duba hoton, ya ga abin kunya ne, ya share bai tura ba, mutum 625 daga cikin na ƙarshen nan hoton ba zai kai gare su ta hannunsa ba.