Magani Ba Allura, Ba Ƙwaya: Wa Zai Amfana?

Kai mai gida, ka sani akwai wani magani da ake yi a asibiti wanda babu allura, babu ƙwaya. Likitoci suna ce da shi gyaran hali. Mutum yakan zauna da ma'aikacin da ya koyi aikin sau ɗaya a mako, su yi shawara, sa'an nan a ba shi ɗan aikin da zai yi a gida kafin mako ya zagayo. Yawanci ba ya wuce 'yan watanni.

Mutane da yawa suna tsammani wannan sai mahaukaci. Kuskure ne. Waɗanda suka fi amfana da shi suna nan cikin gidajenmu, da hankalinsu garau.

Dubi mai jego. An yi suna, an gama wanka, amma ba ta barci, ba ta cin abinci, sai kuka ba dalili, ko jaririn ba ta marmarin ɗauka. Uwar miji ta ce ragwanci ne, maƙwabta su ce iska. Ba ko ɗaya. Ciwon baƙin ciki ne, kuma ga yadda yake ci: yakan kwantar da mutum a ɗaki, ya raba shi da aiki da jama'a, kwanciyar kuma ta ƙara masa baƙin cikin. Saboda haka ma'aikaci ba ya jira sai ranta ya so. Yau ta share tsakar gida, gobe ta leƙa maƙwabta, jibi ta koma ga 'yar sana'arta. Da kaɗan da kaɗan zuciya takan biyo bayan hannu.

An gwada irin wannan a ƙauyukan ƙasar Pakistan, aka bayyana sakamakon a 2008. Ma'aikatan lafiya mata ne suka riƙa bi gida gida. Wata 6 bayan haihuwa, cikin mata 100 da aka yi wa maganin, 23 ne ciwon bai sake su ba. Cikin 100 da aka kai wa ziyara kawai, 53 ne. Ka lura, ba likitoci ne suka yi aikin ba.

Sai mai tsoro. Ga mutumin da ɓarayi suka tare a hanyar kasuwa. Ya tsira, amma tun daga ranar ko tasha ba ya iya zuwa, da dare ya farka sharkaf da gumi. Wani likita a Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya bayyana hanyar magance tsoro cikin littafinsa na 1958. Gudun abin tsoro shi ke ciyar da tsoro. Sai a koya wa mutum sake jiki da jan numfashi a hankali, sa'an nan ya kusanci abin mataki mataki, in dai babu haɗari na gaske, har gabansa ya daina faɗuwa.

Yaro mai fitsarin kwance ma yana amfana. Duka da tara yara su yi masa waƙar ba'a ba su taɓa busar da tabarma ba. A sa shi fitsari kafin ya kwanta, a yaba masa in ya kiyaye. Haka mai son barin taba ko ƙwaya, da wanda barci ya ƙaurace wa.

Amma fa kada ka ɗauka ya isa ga kowa. Wanda yake jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, da mai jegon da ta rikice tana sambatu, da mai farfaɗiya, suna bukatar maganin likita. Wanda kuwa ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti yau. Kada a sa wa kowa mari.

Masu wannan aiki ba su da yawa tukuna. Ka fara da ɗakin shan magani na kusa da ku, ka faɗi damuwar ba kunya, ka nemi a tura ku gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano. In za a je, ka raka marar lafiyar da kanka, gama aikin da za a ba shi a gidanka za a yi shi.